Sawun Goni a Cikin Taɓo

"Wallahi tallahi, muddin ina numfashi, Inuwa ba zai auri 'yata ba!"

Da wannan magana Kellu ta ci karo tana shigowa daga rijiya. Tulun da ke kanta ya kuɓuce ya tarwatse a tsakar gida, ruwa ya bi ƙafafunta, ita ko ba ta ma sani ba. Mahaifinta ne ya rantse, Goni Kolo, mutumin da duk Toranke an shaida ko akuyarsa aka sace ba ya cewa wallahi. Yau ga shi tsaye a ƙofar turakarsa, ya dogara sanda, gemunsa sai rawa yake.

"Baba, me ya yi?"

"Tambayi uwarki."

Ya juya ya shige, yana jan ƙafafun nan nasa da sanyin ƙashi ya cinye.

Wata uku ke nan da Inuwa ya dawo gari, a shekara ta huɗu da gama yaƙin Bama. Shekara goma sha biyu ya yi a uwa duniya. Ya bar Toranke yana saurayi bayan rasuwar iyayensa, ya gangara Ikko, ya sami aikin zuba kwal a tukunyar jirgin ruwa, har ya zama ɗan gari a wani birni na ƙasar Turawa da ake kira Libaful. Hutu ya zo yi, sai ya ga Kellu, bazawarar da mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, wadda ta kori manema har mutane suka gaji da ƙirgawa. Ya ce in an ba shi ita ya bar teku ke nan, in an hana shi ya koma, kuma ba zai sake waiwayo gida ba.

Aibinsa ɗaya a idon gari, saƙa. Ba irin ta masaƙa ba ta zama a rami da ƙoshiya, a'a, ƙato ne guda zai zauna a gindin tsamiya da tsinkayen ƙarfe huɗu da dunƙulen zaren ulu, yana ta ƙyas-ƙyas kamar wata tsohuwa. An yi dariya har an gaji. Duk da haka Goni ya ce shi bai ga haramun a ciki ba, kuma gobe ne ma ya yi alkawarin ba da amsar neman auren.

Ya Fanta, mahaifiyar Kellu, ta jawo ta ɗaki. A ciki suka tarar da Hure maƙwabciyarsu, ta miƙe ƙafa tana taunar goro, fuskarta kamar ta wadda ta zo ta'aziyya.

"Faɗa mata, Hure, ni bakina ba zai iya ba."

"Yo 'yar nan, da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, Goni ya cire takalmi ya ratsa taɓon bakin masallaci. Yana ba da baya sai ga mutumin naki. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya tsuguna a kan sawun. Ya zaro wani baƙin zare, ya shimfiɗa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya ƙulla. Ya gitta shi, ya sake ƙullawa. Bakinsa kuwa sai motsi yake. Sannan ya cusa a aljihu ya yi gaba. In ƙarya nake a tambayi ladan, shi ma ya gani."

Kellu ta dafe ƙirji. Wanda aka haifa a ƙasar nan ba sai an yi masa fassara ba, mutum ba ya taɓa sawun wani sai zai kai wa boka. Da sawu ake kwantar da ƙato, da shi ake juya masa zuciya har ya ba da abin da bai yi niyya ba.

"Inna Hure, tun Juma'a kika gani, yau Alhamis. Me ya hana ki faɗa sai yanzu?"

Hure ta tofar da tukar goro ta kau da kai. Nan take Kellu ta gano dalili. Ita ce gwaggon Maiwada, mai awon gyaɗa na Gaya, wanda Kellu ta ƙi sau biyu, wanda a wannan safiyar ya kawo gayyar ƙarti talatin suna maimai a gonar Goni. Wato ta ajiye maganar ne kamar iri, tana jiran ranar shuka.

"Inna, ba zai yi ba. Na san shi, ba zai yi ba."

"Wata uku kika san shi, Kellu. Shekara goma sha biyun fa, wa ya san inda ya shiga? Uban naki ya riga ya aika masa kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan. Kuma ya rantse, kin ji da kunnenki."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta ɗauki mayafi.

"Ina za ki?"

"In ji daga bakinsa."

* * *

A gindin tsamiyar hanyar rijiya ta same shi, inda ya saba zama, mata masu ɗiban ruwa suna wucewa suna gunaguni. Yau babu ƙyas-ƙyas. Yana zaune a kan akwatinsa na ƙarfe, ya zuba tagumi. Da ya hango ta ya miƙe zumbur.

"Kellu, bai kamata a gan ki tare da ni ba."

"Akwatin me ka fito da shi?"

"Igiya nake nema in ɗaure. Jibi motar Kano za ta tashi daga Gaya."

"Au, tafiya za ka yi? Ka kunna wuta a gidanmu ka ɗaure kaya?" Muryarta ta karye. "Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ka taɓa sawun Baba?"

"Na taɓa."

Ta zauna daɓas a kan saiwar tsamiya, ta rufe fuska tana kuka.

"Kaico! Ni da na tsaya gaban uwata na ce ba za ka yi ba. Me Baba ya yi maka? Gari duk ya yi maka dariya, shi kaɗai ya tsaya maka!"

Inuwa ya durƙusa. Ya buɗe akwati ya ciro wani ƙunshi, ya warware shi a kan murfin. Ga baƙin zaren nan da ƙulli biyu. Kusa da shi ga wani abu ruwan toka, mai kauri da taushi, an saƙa shi da siffar ƙafar mutum. Ga kuma ɗan'uwansa, rabi aka yi, tsinkaye huɗu suna soke a bakinsa.

"Safa ce, a ƙafa ake sa ta. Ke kika gaya mini in damina ta yi tsakiya Baba ba ya barci, sai Inna ta gasa dutse ta naɗe a tsumma ta sa masa a tafin ƙafa. Tun ranar maganar ta tsaya mini. Ita kuwa safa ba a yin ta da ka, sai da awo. In ta yi girma ta saɓule, in ta matse ta hana jini gudu. To Kellu, wa ya isa ya je gaban surukinsa, kuma Goni, ya ce miƙo ƙafarka in auna? Da na ga sawun nan ya fito raɗau a taɓo, sai na ce Allah ne ya kawo mini sauƙi."

"Bakinka da aka ce yana motsi fa?"

"Ƙirga nake, ƙulli nawa zan ɗora a kowane tsinke."

"Waige-waigen fa?"

"Kunya. Kada wani ya gani ya kai masa, in rasa abin ba shi mamaki."

Kellu ta dube shi, ta dubi safar. Haushi da dariya da kuka suka taso mata lokaci guda.

"Kai jama'a! Yanzu kai ba ka san abin da ake yi da sawu ba a garin nan? Ba a nan aka binne cibiyarka ba?"

"Wallahi sai da saƙon Baba ya iso sannan na tuna. Na dafe kai na ce wayyo ni. Can inda na zauna, mai ɗinkin takalmi ma takarda yake shimfiɗawa ka taka, ya zana ƙafarka, ba wanda ya kawo komai a ransa. Na zaci na dawo gida ne, ashe baƙo na dawo."

Ya ɗauki safar da aka gama yana shafawa.

"Kin san yadda na koyi wannan aiki? Sanyin farko da na yi a Libaful na ce mutuwa ta zo. Rana takan yi sati ba a ga idonta ba, sai da agogo muke gane azahar. Mu shida ne a ɗaki, da Larabawan Yaman da wani Basomale, kullum kifi da dankali, dankali da kifi, har na riƙa mafarkin miyar kuka. Ƙafafuna suka mutu, ko an tsira mini allura ba na ji. Mai gidan da muke haya wata tsohuwa ce, yaƙi ya cinye mata 'ya'ya biyu. Ba ta jin maganata, ba na jin tata. Ta hau bene da ƙyar, ta durƙusa, ta sa mini safar da ta saƙa wa ɗanta, wanda bai dawo ya sa ba. Kellu, rabona da wani ya taɓa ƙafata da tausayi tun uwata na da rai."

Ya share ido da hannun riga.

"Da na warke na zauna kusa da murhunta ina kallo, sai ta miƙo mini tsinke. Tun daga nan, in mun tashi aiki a jirgi abokaina su kama karta da kwalba, ni in kama zare. Na yi saƙa a Takoradi, na yi a Bambai, na yi ina hango farin ginin Jidda daga kan ruwa. Wannan abin da ake yi mini dariya a kansa shi ya dawo da ni gida da sallata. Kullum ina gode wa Allah da ya haɗa ni da baiwar Allahn nan. Alherinta nake son in kai wa Baba, sai ga shi na kai masa baƙin ciki."

"Shi ne za ka gudu ba ka wanke kanka ba?"

"Ya ce kada in taka ƙofarsa. Kuma ya rantse. Magana zarar bunu ce, Kellu, balle ta malami. Ba zan so a ce ta dalilina Goni ya zama mai magana biyu ba."

Kellu ta miƙe, ta tattara safa da zare da tsinkaye ta ƙunshe a bakin mayafinta.

"Kai aka hana ƙofar, ni ba a hana ni ba. Kada ka ɗaure akwatin nan sai ka ji daga gare ni."

* * *

Bayan azahar ta durƙusa a ƙofar turaka, ta shimfiɗa kayan a gaban mahaifinta. Goni ya ja da baya yana a'uziyya, ya sa bakin sanda ya juya safar kamar mai duba mataccen maciji.

"Wurinsa kika je?"

"Na je, Baba. Ka doke ni in ka so, amma ka ji ni tukuna. Ni na jawo wannan abu. Ni na gaya masa ba ka barci don ciwon ƙafa."

"Kika kwashe sirrin jikina kika kai wa na waje?"

"Na yi kuskure, Baba, ka yafe mini. Amma ban ɗauke shi na waje ba." Hawaye suna zuba, ta zayyana masa duk abin da ta ji, har da tsohuwar da ta hau bene. "Baba, tun da na gama takaba ba ka taɓa matsa mini ba, wanda na ce ba na so ka sallame shi. Wannan alheri ba zan iya biyanka ba. Ba na roƙon ka karya maganarka. In ka ce a'a, na haƙura, na zauna ina gasa maka dutse har ƙarshen raina. Abu ɗaya nake roƙo, kada bawan Allah ya bar garin ubansa da sunan mai sammu alhali ba shi ba ne. Kai ka koya mana zato zunubi ne."

Goni ya ƙura wa kayan ido. Can ya sunkuya da ƙyar, ya kwashi kayan da hannunsa, ya nufi zaure. Kellu ta bi bayansa, ta laɓe a jikin bango kusa da asabarin ƙofar ciki.

Zauren a cike yake. Ga dattawan unguwa, ga ladan, ga Maiwada ya sha babbar riga ya jingine sabon kekensa a ƙofa, ya zo karɓar godiyar gayya da abin da yake fatan zai biyo bayanta.

"Allah gafarta Malam, ai wannan kuben laya ne," in ji Maiwada. "A farke shi a gani."

Goni ya juya safar ciki waje. Ya shinshina. Ya ɗaga ta ga hasken ƙofa yana bin ta layi-layi. Babu takarda, babu ƙasa, babu gashi.

"Ladan, je ka kira mini shi."

Inuwa ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsaya a waje.

"Na hana ka ƙofar, yanzu na kira ka. Shigo. Ka ce saƙa ce, to ga ɗaya nan ba a gama ba. Ci gaba a gabanmu."

Inuwa ya durƙusa a ƙasa, ya ɗauki tsinkayen. Da farko ƙulli biyu suka kuɓuce masa, Maiwada ya ƙyalƙyale da dariya. Daga nan hannun ya tuna aikinsa. Ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas, bakinsa yana motsi. Kowa ya zuba masa ido. Wani tsohon masaƙi ya matso har gemunsa na neman taɓa zaren, can sai ya buga cinya.

"La ilaha illallahu! Ku duba, ya lanƙwasa dunduniya ba ɗinki ba yanka! Shekara hamsin ina saƙa, ban taɓa fitar da kwana a zare ba."

Goni ya ɗauki baƙin zaren mai ƙulli ya gwada a jikin safar da aka gama. Tsawo ya yi daidai, faɗi ya yi daidai. Ya miƙe ƙafarsa ta dama, ya ce bismillahi, ya zura. Ta zauna ɗas kamar da ita aka haife shi.

"Jaurabu," ya ce a hankali, yana kiran safar da sunanta na Larabci. "Shekara arba'in ina karantar da babin shafa a alwala, ina faɗa wa ɗalibai jaurabu kaza, jaurabu kaza, ashe ban taɓa ganinsa ba sai yau."

Sannan ya haɗe fuska ya dubi Inuwa.

"Kai kuma, wauta ka yi, kuma babba. Wanda zai zauna da mutane sai ya san abin da suke tsoro. Da wasu ka yi wa haka, da yanzu an fasa maka kai."

"Na yi kuskure, Allah gafarta Malam. Kunya ce ta hana ni tambaya."

"Kunyar ce kaɗai abin da ka dawo da shi daidai. Ci gaba da aikinka."

Haka aka zauna har inuwa ta juya. Kellu a bayan bango ƙafarta ta yi tsami, ba ta motsa ba. Can ta ji mahaifinta ya yi gyaran murya.

"Ikon Allah. Ta dama ta yi shiru, ta hagu sai cizo take. Kwana nawa ɗayar za ta ci?"

"Kwana uku, in Allah ya so."

"Motar taka fa?"

"Jibi ne."

"To ta sauka lafiya."

Dattawa suka yi dariya. Kellu ta toshe baki da mayafi. Amma kafin murnar ta kai mata zuci, muryar Maiwada ta tashi.

"Allah gafarta Malam, mun ji ba sammu ba ne, madalla. Sai dai rantsuwar fa? Duk unguwa an ji ta. Ko wallahin malamai daban ne da namu?"

Dariya ta ɗauke. Kellu ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Gaskiya ya faɗa, mugun, gaskiya ya faɗa.

"Wallahi ɗaya ne, Maiwada," in ji Goni. "Na gode da gayya, Allah ya saka da alheri. Ladan, lokaci ya yi, je ka kira la'asar."

Ya miƙe da ƙyar. Kellu ta ji ƙarar sandarsa tana nufo ƙofar ciki, ta ruga ta durƙusa kusa da uwarta a bakin murhu, zuciyarta na dukan uku-uku. An wanke Inuwa, wannan kam ta gode wa Allah. Abin da ta roƙa ke nan, an kuwa ba ta. Ta ce wa ranta ya haƙura da sauran, ran ya ƙi.

Goni ya shigo tsakar gida, ƙafa ɗaya da safa, ɗaya ba komai. Ya tsaya a kansu.

"Fanta, a buɗe rumbu a ɗebo gero. A tuƙa tuwon mutum goma, a yanka zakaran nan, miya ta ji mai."

"Goma, Malam? Baƙi muka yi?"

"Miskinai za a ciyar. Na yi rantsuwa cikin fushi, na kuma ga abin da ya fi ta alheri. Kaffara zan yi."

Ya Fanta ta saki muciya ta ɗaga hannu sama. Kellu kuwa sai da maganar ta zaga kanta sau biyu sannan ta gane. Ta rarrafa ta kama ƙafar mahaifinta, ta kifa goshi a kai tana kuka kamar ranta zai fita.

"Na gode, Baba. Na gode. Allah ya ja kwana, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Na gode..."

"Ke, sakar mini ƙafa, za ki jiƙa mini abin da hawaye." Muryarsa shi ma ba daidai take ba. "Tashi. Kuka ba ya daka gero."

Ta tashi tana share fuska tana dariya, ta jawo turmi tsakiyar gida. Matan maƙwabta suka shigo da taɓarensu za su kama mata, ta ce Allah ya saka musu, amma wannan dakan ita kaɗai za ta yi shi.